Darakta Ekenstam Mai Kunnen Zinariya

Garin Tallnas ƙaramin gari ne, tafki a gabansa, daji a bayansa, injin yanka katako a tsakiya. Amma ƙanƙantarsa ba ta hana shi samun babban mutum ba. Wasu garuruwan sukan yi fama kafin su samu wanda ya san komai. Tallnas kuwa ta samu wanda ya san komai, kuma yake jin komai. Sunansa Torvald Ekenstam, sai dai kada ka kuskura ka kira sunan haka tsirara. Darakta Ekenstam ake cewa.

A shekarun da ake magana, duk ƙasar Sweden ta riga ta yar da laƙabi. Ɗalibi na kiran malaminsa gatsal da sunansa, lebura na gaida mai kamfani kamar abokin wasansa. Mutum ɗaya ne ya tsaya tsayin daka don kare mutuncin ƙasa, shi ne Darakta. In ka ce masa "Torvald," sai ya waiga baya ya duba ko da wani kake.

Kamfanin da yake wa darakta kanti ne mai ƙofa ɗaya a titin tasha. Ana sayar da rediyo da garmaho da faifai, da wasu fiyano biyu da suka daɗe suna jiran mai saye har suka zama 'yan gida. Ma'aikatan kamfanin su ne shi da matarsa Gunvor. Ita ke buɗe kanti, ta share, ta tarbi mai saye, ta ɗaure kaya, ta dafa kofi. Shi kuma ya ɗaukar wa kansa aiki mafi nauyi, wato tsayawa a bakin taga, hannu a baya, yana sa ido a kan harkar kiɗa ta duniya.

Baiwar tasa a kunnen hagu take. Da sanyi ya shigo sai ya cusa masa auduga, ya karkato hula ta rufe shi, ya bar na dama ya ji da kansa. Shi ya raɗa wa kansa suna Mai Kunnen Zinariya. Mutanen gari ba sa son doguwar magana, sai suka taƙaita, suna cewa Kunne. "Kunne ya wuce?" "Ya wuce, ya tafi shan miyar wake." Saboda wannan baiwa ne aka bar masa shugabancin kwamitin lambun jama'a, inda dandamalin rawa yake, tare da ƙungiyar dattawa mawaƙa da yake kaɗa wa hannu duk mako.

Wata Alhamis cikin tsananin sanyi, ya dawo daga cin abincin rana ke nan, sai ya tarar da matasa huɗu a kantin, dusar ƙanƙara na narkewa a takalmansu. Akwai Solveig mai aiki a gidan burodi, wadda garin fulawa bai taɓa rabuwa da gashinta ba. Akwai Maj-Lis, doguwa, mai taimakon likitan haƙori. Akwai Rune mai raba wasiƙu, rataye da jita. Na huɗun Pekka ne, wanda iyayensa suka ƙetaro daga Finlan don aikin katako. Shi ke tsara waƙoƙin, kuma ba ya magana sai ta kama dole. Wurin gwaji suke nema, sun ji an ce ɗakin da ke ƙarƙashin kantin ba kowa.

Darakta ya cire safar hannu a hankali, ya zare audugar, ya ajiye ta a kan rediyo.

"Samari da 'yan mata," in ji shi, "kiɗa ba da yatsu ake yin sa ba. Da kunne ake yi. Kunne kuma ba a saye, ba a aro. Akwai waɗanda suka yi tafiya mai nisa don wannan kunnen ya saurare su. Ku kuwa ga shi a ƙofar gidanku. To, bismillar ku, ku fara in ji."

Pekka ya zauna gaban ɗaya daga cikin fiyanon. Solveig ta buɗe baki. Ba ta kai ƙarshen baitin farko ba Darakta ya tuna ranar da ya kusa gaisawa da wani babban makaɗi a tashar jirgin ƙasa ta Göteborg, ya ga bai kamata ya ɓoye wa matasa wannan darasi ba. Suna waƙa yana labari. Suka gama tare.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Solveig, muryarta ta fi dacewa da kiran mai sayen burodi. Maj-Lis ta cika tsawo, ba a taɓa yin mawaƙiya mai tsawo haka ba. Rune ya je ya yi aski. Pekka ya koyi murmushi. Babban abin da ya kashe su duka kuwa, ba su da akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, wanda in babu shi ƙafar ɗan Sweden ba ta motsi.

Gunvor ta fito daga bayan kanta da faranti cike da burodi mai kirfa, ta ɗora mabuɗi a kai.

"Ku ɗauka, yara. Ba kowa a ɗakin sai ɓeraye, su ma shirun ya ishe su."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Darakta.

Haka aka haifi ƙungiyar. Darakta ya ba da shawarar a sa mata suna Matasan Ekenstam. Suka yi godiya ƙwarai, suka sa mata Vinterbi, wato ƙudan zuman lokacin sanyi. Duk yamma in sun tashi daga aiki sai su sauka ɗakin ƙasa, da rigunan sanyinsu a jiki, numfashinsu na hayaƙi. Muryar Solveig mai kauri da ta Maj-Lis siririya suka yi ta goga juna har suka zama kamar murya ɗaya mai launi biyu. Gudummawar Darakta a wannan zamani ba ƙarama ba ce. Da sautin ya fara ratso daɓe sai ya ɗauki tsintsiya mai dogon mariƙi ya dinga buga ƙasa yana cewa, "A rage! Akwai kunnen da ke hutawa a nan sama!"

Bazara ta zo, rana ta daina faɗuwa, aka shiga shirin bikin tsakiyar bazara. Rune ya je ya roƙi a ba su ko da waƙa ɗaya a dandamalin lambu. Darakta ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi.

"Yaro, dandamalin nan yana da tarihi. Ba zan bari ku kunyata kanku a gaban iyayenku ba. Wata rana za ku gode mini."

Ranar biki aka kafa doguwar sandar da aka yi wa ado da ganye da furanni, yara suka zagaya ta suna tsalle, aka ci kifi mai tsami da sabon dankali. Dattawan Darakta suka hau suka rera waƙoƙinsu na kewar daji da tafki, ga dajin ga tafkin a gabansu. Daga nan sai makaɗan rawa da aka ɗauko daga wani gari. Aka jira. Can sai labari ya iso cewa motarsu ta mutu a hanya, kuma ba ta da niyyar tashi. Jama'a sun ci sun sha, ƙafafu na ƙaiƙayi. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Kunne, ko kai za ka kaɗa mana?" Aka yi dariya.

Babu yadda ya iya. Ya hau dandamali ya gyara wuyan riga.

"Jama'ar Tallnas, kwamiti na ba ku haƙuri. Abin da za ku ji yanzu ba zaɓin kwamiti ba ne, kuma kwamiti ba zai ɗauki alhakinsa ba. Yara ne, a yi musu uzuri."

Ya sauka ya zaga bayan rumfa wurin dattawansa, ya cusa audugarsa a kunne duk da ba a sanyi, ya shiga yi musu bayanin inda suka ja numfashi ba daidai ba.

Abin da ya faru a gaban rumfar, har yau tsofaffin garin na ba da labarinsa. Pekka ya saki kiɗa, Rune ya bi, matan biyu suka shigo da wata sabuwar waƙa ta yarinyar da saurayinta ya gudu da kekenta. Amshin ba wuya: "Tafi da zuciyata, amma dawo da kekena." Kafin a zagayo na biyu kowa ya iya. Leburorin katako suka ja matansu, matar fasto ta cire takalmi, katakon dandamali ya dinga lanƙwasa kamar zai karye.

Cikin taron akwai wani baƙo daga Stockholm, mai shirya faifai, da ya zo hutu bukkarsa ta bakin tafki. Ya yi ta tambayar wa ke da alhakin wurin, aka nuna masa bayan rumfa.

"Malam, mawaƙan nan naka ne?"

Darakta ya miƙe, ƙirji gaba. "Nawa ne. Da hannuna na zaɓe su."

"Ina so in kai su Stockholm."

Darakta ya juya ya dubi dattawansa, idonsa ya ciko. "To, da ma na san rana irin ta yau za ta zo. Sai dai Einar yana fama da gwiwa, ba zai iya doguwar tafiya a zaune ba."

An ɗan ɗauki lokaci kafin su fahimci juna.

Da kaka ta shigo, yaran huɗu suka ajiye aikinsu suka hau jirgin ƙasa. Gunvor ta raka su tasha da ƙunshin burodi. Darakta bai samu zuwa ba, amma ya faɗa wa wanzamin garin cewa kafin Kirsimeti za su dawo neman aikinsu.

Ba su dawo ba. Waƙar keke ta shiga rediyo ta ƙi fita. Aka gan su a talabijin cikin riguna masu walƙiya da takalma masu tudu, Maj-Lis ta ƙara tsawo a kan tsawonta, gashin Rune ya sauko kafaɗa, Pekka na zaune gaban fiyano fuska a ɗaure kamar mai jiran sakamakon asibiti. Mata suka haukace a kan wannan ɗaure fuskar. Aka juya waƙar zuwa Turanci, ta ƙetare teku. Jamusawa suka karɓa, Japanawa suka karɓa, har Ostareliya aka yi ta kiran a dawo da keke. Wasu waƙoƙin suka biyo baya, kowace na ture 'yar uwarta a saman jeri.

A Tallnas ma an ga canji, amma a hankali, domin babban mutum ba ya juyawa lokaci guda. Da farko "yaran nan masu surutu" ne. Da aka ji su a rediyo suka zama "yaran da na ba wuri." Da suka shiga talabijin suka koma "yarana." Ranar da jarida ta buga hotonsu a birnin Tokyo, wanzami ya ji da kunnensa Darakta na cewa, "Lokacin da muka kafa ƙungiyar, ni da su..."

Ya ajiye saje. Ya ɗinko kwat na karammiski launin makuba, ya sayi tabarau mai duhu, wanda a watannin da rana ba ta fitowa ya sa ya gaida sandar fitila fiye da sau ɗaya. Ya kafa allo a saman ƙofar kanti: A NAN AKA HAIFI VINTERBI. Gari ya ƙara masa suna, Uban Taurari, shi kuma ya karɓa hannu biyu, bai tsaya duba fuskar masu kiran ba.

Baƙi suka fara zuwa, motoci cike, da na'urorin ɗaukar hoto a wuya. Darakta ke saukar da su ɗakin ƙasa da kansa. A tsakiyar ɗakin, cikin akwatin gilashi, tsintsiyar nan ce a kwance.

"Da wannan na koya musu bin kiɗa," yakan ce. "Ina sama, suna ƙasa, ina ba su bugu. Ba na yabo da wuri, wannan ita ce hanyata. Na ce wa Solveig ta koma gidan burodi. Me ya sa? Don in hura mata wuta. Na hana su dandamali. Me ya sa? Don yunwar dandamali ta kama su. Motar da ta mutu a hanya kuwa..." A nan sai ya sauke tabarau ya kashe ido ɗaya. "Akwai abubuwan da darakta ba ya faɗa."

Gunvor ta sayi sabuwar tsintsiya.

Yakan buga waya ofishinsu na Stockholm don ba da shawara, wata mai ladabi takan ce masa suna cikin taro, ko suna cikin jirgi. Wannan bai dame shi ba. Ya ce alama ce ta cewa ya horar da su su tsaya da ƙafarsu.

Bayan wasu shekaru labari ya game gari: Vinterbi za su dawo gida su yi wasa a bikin tsakiyar bazara, a dandamalin da suka fara, kuma talabijin za ta nuna wa duniya kai tsaye. Darakta ya daina barcin rana. Ya sa aka goge kwat ɗin karammiski. Ya tsara jawabi yana maimaita shi gaban madubi. A ƙasan zuciyarsa kuwa, inda ba ya bari kowa ya leƙa, akwai wani ɗan tsoro. Shekaru yana ba da labari babu mai ƙaryata shi, yanzu ga masu labarin da kansu za su iso. In Solveig ta tuna maganar burodi fa? In suka wuce shi a gaban jama'a kamar ba su san shi ba?

Ranar ta zo, garin ya cika har bakin tafki. A liyafar da majalisar gari ta shirya, Darakta ya tsaya kusa da ƙofa. Solveig ce ta fara hango shi. Ta ratso manyan baƙi da gudu ta rungume shi.

"Kawu Torvald! Kai, ji saje! Ina Inna Gunvor? Har yau ban ci burodi irin nata ba."

Ta kira sunan babu "Darakta", amma a karon farko bai waiga baya ba. Rune ya girgiza masa hannu, Maj-Lis ta sunkuyo ta sumbaci goshinsa. Pekka ya dube shi ya ce, "An ce kai ka kashe motar nan." Darakta ya shiga gyara tabarau. Pekka ya gyaɗa kai, "Mun gode." Wani da ke kusa ya rantse ya ga gefen bakin Pekka ya motsa.

Tsoro na tafiya, girma ya dawo da ƙarfinsa. Kafin a gama shan kofi Darakta ya sanar da su cewa jama'a za su so su ga wanda ya kafa ƙungiyar a kan dandamali, kuma bai dace a hana jama'a ba. Suka dubi juna. Solveig ta ce, "Me zai hana? A waƙar ƙarshe za mu kira ka."

Da yamma, rana na sama kamar hantsi, suka yi wasa har itatuwa na amsawa. Da aka zo ƙarshe Solveig ta ɗaga hannu aka yi tsit.

"Akwai mutumin da a ƙarƙashin ƙafafunsa muka fara. Kawu Torvald, hawo!"

Ya hau cikin tafi, karammiski na sheƙi. Ya buɗe baki zai fara jawabi, sai Pekka ya saki kiɗan waƙar keke, taron ya ɗauki ihu, jawabi ya nutse. Matan suka rera baitin farko da harshen gida, yadda aka fara yin ta. Da aka iso amshi, Solveig ta rungumo kafaɗarsa ta kara masa makirufo a baki. Makaɗa suka sassauta. Na'urar talabijin ta matso daf da fuskarsa.

Darakta ya buɗe baki. Babu komai a ciki.

Ya san akwai keke a waƙar. Wannan kam ya sani, yana rubuce a jikin faifan. Amma me aka yi wa keken, wa ya hau, ina aka nufa da shi, bai sani ba. Waƙar da aka sa a kantinsa ba adadi, duk lokacin da ta tashi shi ma bakinsa ke tashi, yana bayyana wa mutane yadda aka yi ta. Ya dubi taron. Yara a kafaɗar iyayensu sun iya. Einar mai ciwon gwiwa ya iya. Wasu Japanawa a sahun gaba, da ba su san kalma ɗaya ta harshen ba, leɓɓansu na shirye. Uban Taurari kaɗai ke buɗe baki yana rufewa kamar kifin da aka fitar daga tafki.

"Keke..." in ji shi, lasifika ta kai har ƙetaren ruwa. "Keke... la la..."

Solveig ta gane. Nan take ta juya makirufo ga jama'a ta yi ihu, "Ku taya shi!" Dubban muryoyi suka ɗauka, "Tafi da zuciyata, amma dawo da kekena!" Aka yi ta maimaitawa, Darakta na tsakiya yana kaɗa hannu, a makare da bugu ɗaya.

Da ya sauko ya tarar da wanzami da 'yan kwamiti suna jiransa, fuskokinsu a gyare sosai.

"Shirun nan da kuka ji," in ji shi, "da gangan ne. A kiɗa babu abin da ya kai shiru wuya. Ba kowa zai gane ba."

"Mun gane, Darakta," in ji wanzami. "Duniya ma ta gane."

Washegari da safe bai sauko kanti ba. Ya zauna a teburin kicin cikin rigar barci, kofi na hucewa a gabansa, kwat ɗin na rataye a bayan ƙofa. Gunvor ta dube shi, ta fita, ta dawo ɗauke da garmaho. Ta ɗora faifan, ta tura masa burodi mai kirfa mafi girma a farantin.

"Cika bakinka da wannan, Torvald. Kada ka haɗiye sai ta ƙare."

Ya yi biyayya. Ya juyo kunnen hagu wajen garmaho, ya rufe ido. Waƙar ta tashi, ta bi baitocinta, ta yi amshinta, ta sauka. Tun daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba. Gunvor ta ɗage allurar ta tsaya tana jira.

Mai Kunnen Zinariya ya haɗiye, ya goge saje, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Yaran sun yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma gaskiya, Gunvor, wannan waƙar ba za ta yi kasuwa ba."